Binciken Kimiyya kan Kare Farin Beyar

Farin beyar, wanda masana ke kira Ursus maritimus, babban mafarauci ne da ke rayuwa a kan ƙanƙarar teku ta yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya. Abincinsa mafi yawa dabbar ruwa ce mai kitse da ake kira sil, wadda yake yi wa kwanton ɓauna a bakin ramin da take leƙowa ta sha iska. Ana samunsa a Kanada, Alaska ta Amurka, Rasha, Girinlan da tsibiran Svalbard na Norway. Binciken kare shi ya faro ne saboda farauta, daga baya narkewar ƙanƙara ta zama babban abin damuwa.

Tarihi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu farautar beyar ta yi ƙamari. A Alaska da jiragen sama ake binsa, a Svalbard kuma ana ɗana tarkon bindiga mai tashi da kanta idan dabba ta taɓa naman da aka ajiye. Tarayyar Sobiyet ta haramta farautarsa wajen shekarar 1956. Babu wanda ya san adadin da ya rage a lokacin, kuma wannan ne ya tara masana a garin Fairbanks na Alaska a 1965. A 1968 IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta kafa kwamitin ƙwararru kan farin beyar.

A ranar 15 ga Nuwamba 1973, ƙasashe biyar suka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Oslo: Kanada, Denmark (mai iko da Girinlan), Norway, Amurka da Tarayyar Sobiyet. Yarjejeniyar ta hana farauta da jirgin sama ko manyan jiragen ruwa, ta bar wa 'yan asalin yankin haƙƙinsu na farautar gargajiya, ta kuma wajabta wa ƙasashen yin bincike da musayar sakamako. Abin a yaba ne cewa an cim ma wannan ana tsakiyar yaƙin cacar baka.

Aikin da ya fi daɗewa shi ne na yammacin gaɓar Hudson, kusa da garin Churchill a Kanada, inda masani Ian Stirling da abokan aikinsa suka shafe shekaru da dama suna auna dabbobin. Su ne suka nuna cewa idan ƙanƙara ta fashe da wuri, uwaye kan sauko tudu da rama, 'ya'yan da ke rayuwa kuma su ragu.

Hanyoyin bincike

Daga jirgi mai saukar ungulu ake harba wa beyar allurar sa barci. Kafin ya farka sai a auna tsawonsa da nauyinsa, a ɗebi jini, a maƙala masa lamba a kunne, a yi masa zane a cikin leɓe. Akan cire ƙaramin haƙori guda, domin layukan da ke cikin saiwarsa na nuna shekarunsa. Mata kaɗai ake ɗaura wa abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, saboda wuyan namiji ya fi kansa kauri, abin sai ya zame ya faɗi.

Da yawa daga al'ummar Inuit, 'yan asalin yankin Aktik, ba sa son a riƙa kama beyar ana taɓa shi. Shi ya sa a wasu wurare aka koma ƙidaya daga sama, ko harba kibiya mai yankar ɗan guntun fata don gwajin ƙwayoyin gado.

Sakamako

Ƙiyasin IUCN na 2015 ya nuna akwai kimanin 26,000 a duniya, kusan kashi biyu cikin uku a Kanada. An daɗe ana kasa su rukuni 19, sai a 2022 aka bayyana wani rukunin a kudu maso gabashin Girinlan mai farauta a kan ƙanƙarar da ke ɓallewa daga tudu. A yammacin Hudson adadin ya sauka daga kusan 1,200 a 1987 zuwa kimanin 618 a 2021. Amurka ta sa farin beyar cikin dabbobin da ke fuskantar barazana a 2008. Wani bincike na 2020 ya yi hasashen cewa yawancin rukunan na iya durƙushewa kafin 2100 muddin hayaƙin da ke ɗumama duniya bai ragu ba.

Saɓani

Mafarautan Inuit a wasu yankuna na cewa beyar ƙaruwa yake yi. Masana da dama kuma na ganin ba ƙaruwa yake yi ba, yunwa ce ke kawo shi kusa da gari. An yi watsi da buƙatar Amurka ta hana cinikin fatarsa tsakanin ƙasashe a tarukan 2010 da 2013 na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji.

Sauran namun daji mafarauta

Ba farin beyar kaɗai aka yi wa irin wannan aikin kariya ba. An mayar da kyarkeci gandun Yellowstone na Amurka a 1995. Indiya ta ƙaddamar da shirin kare damisa mai ratsi a 1973, kuma da kyamarorin da ake girkewa a daji ake ƙidaya su, tunda ratsin kowace daban yake. Kyanwar daji ta Iberiya, wadda ba ta kai 100 ba a 2002, ta haura 2,000 bayan kiwo da sake sakinta a dazukan Sifen da Fotugal.