Waiwaye: Yadda aka fara tace kan fakiti a rautocin bakin iyaka

A 1981, lokacin da RFC 791, ɗaya daga takardun ƙa'idojin intanet, ya tsara IPv4, tsarin aika bayanai a intanet, an bar gurbin bayit 40 a kan kowane fakiti (kai shi ne sashen farko mai ɗauke da adireshi na ƙunshin bayanan da ake aikawa), bayan bayit 20 na dole, domin ƙarin umarni da ake kira zaɓuɓɓuka. Masu amfani da hanyar sadarwar a wancan zamani 'yan kaɗan ne, galibinsu jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka. Shi ya sa ba a ga aibu ba a bai wa mai aikawa damar rubuta rautocin (na'urorin da ke tura fakiti daga wata hanyar sadarwa zuwa wata) da fakitinsa zai ratsa, ta zaɓin LSRR mai lamba 131 da SSRR mai lamba 137.

A 1989 Steven Bellovin ya fito da haɗarin fili: mahari zai ari adireshin na'urar da aka yarda da ita, amsar kuma ta biyo hanyar da ya shata ta faɗo hannunsa. Daga baya umarnin "no ip source-route" mai toshe waɗannan zaɓuɓɓuka ya zama cikin abubuwan farko da ake sakawa a rautocin Cisco.

Akwai kuma matsalar nauyi. Fakiti na yau da kullum ƙwayoyin na'ura na musamman ke tura shi cikin hanzari, amma mai ɗauke da zaɓi sau da yawa sai an miƙa shi ga babbar furosesar rautar, wadda ita ce ke riƙe da zaman BGP, wato haɗin da rautoci ke musayar bayanan hanyoyi ta cikinsa. Idan aka yi mata ambaliyar irin waɗannan fakitoci, sai zaman ya yanke, hanyoyi su ɓace.

Abin takaici, IPv6, magajin IPv4, ya maimaita kuskuren da RH0, ƙarin kan fakiti da shi ma ke bai wa mai aikawa damar shata hanya. A 2007 Philippe Biondi da Arnaud Ebalard suka nuna cewa fakiti guda zai iya kai-da-komo tsakanin rautoci biyu har ya cushe layi. A Disambar shekarar RFC 5095 ya soke RH0.

Sai aka wuce gona da iri, wasu suka koma zubar da duk fakitin da ke da zaɓi ko ƙarin kai. Wannan yana karya IGMP (tsarin shiga rukunin masu karɓar saƙo ɗaya) da RSVP (tsarin keɓe gurbi a layi), masu dogaro da zaɓin Router Alert mai lamba 148, wanda ke sa rauta ta duba fakiti, yana kuma hana manyan amsoshin DNS (tsarin mayar da suna zuwa adireshi) da aka gutsuttsura isa, domin a IPv6 gutsattsarin fakiti na ɗauke da ƙarin kai. RFC 7126 na 2014 da RFC 9288 na 2022 sun bi zaɓuɓɓukan ɗaya bayan ɗaya, kuma tsarin da ya fi dacewa ke nan: a zubar da LSRR da SSRR da RH0 a ƙofar shiga, a ƙayyade yawan abin da ke hawa furosesa, a duba ƙididdigar abin da aka zubar kafin a ƙara tsaurara doka.