Latensi ba shi ne saurin intanet ba

Tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kalmar latensi ta shiga bakin 'yan kasuwar kayan intanet da masu shirin fasaha a rediyo. Kusan kowa sai ya ce wai "saurin intanet" ke nan. Wannan kwaɓar tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Megabit ɗin da ake tallatawa yawan bayanan da layi ke ɗauka ne a daƙiƙa ɗaya. Latensi kuwa lokacin da saƙo ke ci ne ya je, amsarsa ta dawo. Ka ƙara wa tirela girma yadda kake so, Legas ba za ta matso kusa da Kano ba.

Ɗauki NigComSat-1R, tauraron sadarwar Najeriya da aka harba a 2011, yana can sama kilomita 35,786. Ka taɓa shafi, saƙo ya hau, ya sauka tashar ƙasa, amsa ta hau, ta sauko maka. Tafiya huɗu ke nan, sama da kilomita 143,000. Haske kansa, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai ya ci kusan rabin daƙiƙa. Babu kuɗin da zai rage wannan.

Inda abin ya fi ciwo shi ne TCP, tsarin da ke jigilar yawancin bayanan intanet. Halinsa ne ya aika kaɗan, ya tsaya sai an ce masa "na karɓa". A tsohon tsarinsa ba ya wuce bayit 65,535 kafin ya jira. In jiran ya kai milisakan 600, wato ɗan sama da rabin daƙiƙa, ko megabit ɗaya ba za ka samu ba, ko da na hamsin ka biya. Hadari ya lalata wani guntun saƙo kuma, sai ya ɗauka cunkoso ne, ya ƙara rage gudu.

Dabarar kamfanoni ita ce su dasa na'ura a tsakani, ta yi wuf ta ce "na karɓa" alhali saƙon bai isa ba. Ni dai ƙarya nake kiranta, ko da tana aiki. Kunna VPN, manhajar da ke ɓoye bayananka a hanya, ka ga yadda dabarar take rushewa, don na'urar ba ta ganin abin da aka ɓoye.

Starlink ba ta yi wani siddabaru ba. Taurarinta ta sauko da su zuwa kusan kilomita 550 daga ƙasa, jiran ya koma 'yan gomomin milisakan.