Sassaƙa bakan farko a Jos: amsoshin tambayoyin masu koyo

Wane itace zan nema?

Itace mai nauyi da tauri, wanda yake lanƙwasa ya dawo. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe suna amfani da dargaza da ɗunɗu, kuma gwaiba, wadda ba ta wuyar samu a lambunan Jos, tana yin baka mai kyau. Nemi sanda miƙaƙƙiya mai kaurin inci 2 da tsawon ƙafa 6 ko fiye, wadda ba ta murɗe ba, ba ta da gurbin reshe ko hudar ƙwaro. Dubi ɓawon: idan layukansa suna zagaya sandar, to cikin ma a murɗe yake, bar ta.

Itacen turare ya cika garin, amma kada ka fara da shi, domin yana tsagewa yana murɗewa wajen bushewa. Falankin Kasuwar Katako ma sai an yi hattara: zarto ya riga ya yanke jijiyar itacen, in ba ka ga layukan sun miƙe daga wannan kai zuwa wancan ba, zai karye. Ka yanko sanda biyu ko uku, da izinin mai gona.

Zan iya fara sassaƙa da ɗanyen itace?

Sassaƙa, e. Lanƙwasawa, a'a. Ɗanyen itace in aka tanƙwara shi ba ya komawa, sai ka ƙare da baka mai kama da baka amma ba ya tura kibiya.

Da ka yanko, shafe kawunan biyu da gam ɗin kafinta ko fenti ko narkakken kyandir, don ruwan itace ya fi saurin fita ta nan, tsagewa kuma daga nan take farawa. Ƙarshen damina ɓawo yana ɓarewa da sauƙi. Idan ka ɓare, shafa gam siriri a gefen da zai zama bayan baka, wato wanda zai fuskanci abin harbi. Sandar da aka bari da kaurinta tana iya cin shekara kafin ta bushe, amma in ka rage ta kusa da siffar baka, mako 4 zuwa 6 kan isa. Ɗaure ta a jikin miƙaƙƙen katako, ka ajiye a ɗaki cikin inuwa, nesa da rana da iskar hunturu. Riƙa auna ta a sikeli duk bayan kwana uku. In nauyin ya daina raguwa har mako guda, ta bushe.

Tsawo da faɗi fa?

Buɗe hannuwanka, a auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, a raba da 2.5. Abin da ya fito shi ne nisan jan da kake yi. Mai inci 68 zai ja kusan inci 27. Ninka wannan sau biyu ka ƙara inci 12, ka sami baka mai inci 66. Bakan mafarautanmu ya fi haka gajarta, don ba sa jan tsirkiya har kunci, amma mai koyo dogo ya fi masa: lanƙwasar tana rarrabuwa a itace mai yawa, ƙaramin kuskure ba ya karya shi.

Bar mariƙi na inci 4 a tsakiya. Faɗin kowane hannu na bakan, wato ɓangaren sama da na ƙasan mariƙi, inci 1½ daga mariƙi zuwa rabinsa, daga nan ya riƙa tsukewa har rabin inci a kai. Kauri a sassaƙar farko inci ¾ kusa da mariƙi, rabin inci a kai. Ƙarfin ja kuwa, kilo 12 zuwa 15 ya wadatar.

Da waɗanne kayan aiki?

Adda ko gizago, wuƙa mai kaifi, magagari, samfefa, fensir, tef na awo, da sikelin ratayewa. Shi ke nan.

Me ya sa ake cewa kada a taɓa bayan baka?

Baya shi ne gefen da yake fuskantar abin harbi, ciki kuma gefen da yake kallonka. Idan ka ja, jijiyoyin baya miƙewa suke yi, na ciki kuma suna matsewa. Jijiyar da wuƙa ta yanke a baya, ko da ƙaramin sara ne, nan za ta ɗaga ta zama sartse, daga nan sai karaya. Saboda haka fuskar da ke ƙarƙashin ɓawo ita ce bayanka, a bar ta yadda Allah ya yi ta, da tudunta da kwarinta. Duk ragin da za a yi, a ciki da gefe ne. Inda ka tarar da ƙaramin gurbin reshe, bar masa ɗan ƙarin itace a kewaye.

Yaya ake daidaita lanƙwasar?

Nan aikin yake, nan kuma gaggawa take cinye bakan yawancin masu koyo. Abin da ake so shi ne kowane inci na hannayen biyu ya ɗauki rabonsa na lanƙwasa.

Fara da kafa kai ɗaya a ƙasa ka danna mariƙi. Idan hannun ya ɗan ba da kai kamar inci 3 ko 4, ajiye adda, daga yanzu kankara kawai za ka yi da wuƙa. Dalili kuwa: in ka ninka faɗin itace, ƙarfinsa sau biyu yake ƙaruwa, amma in ka ninka kauri, sau takwas ne. Ɗan abin da ka kankare a ciki yana canza baka fiye da yadda ido yake gani.

Yanka gurbin tsirkiya a gefe da gefen kowane kai, a karkace, ban da baya. Sami katako mai inci 30, ka yi masa tsaga duk bayan inci 2, ka ɗora mariƙi a kansa, ka sa doguwar igiya sako-sako, ka ja zuwa tsagar farko, ka ja da baya ka duba. Wurin da ya miƙe ya ƙi lanƙwasa, zana shi da fensir ka kankare. Wurin da ya karyo shi kaɗai kamar gwiwa, rubuta masa alama kada wuƙa ta sake zuwa nan, ka rage sauran hannun har su zo daidai da shi. Bayan kowace kankara, ja igiyar a hankali sau 20 zuwa 30 kafin ka sake dubawa, domin itace ba ya nuna canjin nan take.

Dokoki biyu ba a karya su. Kada ka ja ya wuce inda ka ga aibi. Kada kuma ka ja fiye da kilon da kake nufi. Rataya sikeli a igiyar ka tabbatar. Wanda ya ja kilo 25 a bakan da zai ƙare a 14 ya riga ya murƙushe cikinsa, za ka ga siraran layuka sun gitta, bakan kuma ya zauna a lanƙwashe.

Tsirkiya fa?

Ta gargajiya murɗaɗɗiyar fata ce, tana da ƙarfi amma tana saki in ta sha danshi. Igiyar nailan tana miƙewa, tana cinye ƙarfin harbi. Zaren Dacron (wani zaren roba da ba ya miƙewa sosai) ko zaren masu ɗinkin takalma, a murɗa shi a shafe da kakin zuma, ya fi. Tsirkiyar ta iya ɗaukar aƙalla ninki huɗu na ƙarfin bakan, ta kuma gaza shi da inci 3 zuwa 4. In an ɗaura, tazarar tsirkiya da mariƙi ta zama dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, kusan inci 6.

Me ke karya bakan da aka gama?

Sakin tsirkiya babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi cikin itacen yake komawa. Sai ba wa wanda ya fi ka tsawon hannu ya ja. Yanayin Jos ma yana da nasa: tsakiyar hunturu itace yana bushewa ya yi gautsi, a watan Agusta kuma ya sha danshi ya yi laushi. Shafa man kaɗanya ko kakin zuma akai-akai, kwance tsirkiya da zarar ka gama, ka ajiye shi a kwance nesa da murhu.

Kibiyar gwaji ta kyauro ta fi nisan janka da inci 2, kanta kuma dakusasshe. Harba cikin buhun da aka cusa wa tsumma, da tudu ko katanga a bayansa. Kuma a garin nan kada ka ratsa unguwa da baka a ɗaure: naɗe shi a buhu, ka sanar da mai unguwa inda kake atisaye.