Waiwaye: Yadda aka gano alaƙar gungun furanni da barbarar tsirrai

An daɗe ana ɗaukar yadda furanni ke jeruwa a kan kara a matsayin alamar gane tsiro kawai. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, a 1735, ya rarraba tsirrai bisa gaɓoɓin haihuwar furanninsu, ya ware masu furen namiji da na mace a gindi ɗaya, kamar masara, da waɗanda jinsin ya rabu gindi-gindi, kamar dabino. Rarrabawa ya yi, bai bi sawun dalili ba. Masanin tsirrai Sprengel ne a 1793 ya nuna cewa ƙwari ke kai ƙurar fure, Darwin kuma a 1876 ya tabbatar da cewa 'ya'yan tsiron da ya barbari kansa sukan fito da rauni.

Daga nan gungu ya zama abin tambaya. Furanni da yawa a buɗe lokaci ɗaya suna jawo ƙudan zuma, amma idan ya sauka sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zube ƙurar tsiron a kan furannin tsiron nan. Asara biyu ke nan: iri mai rauni, ga ƙurar da ba ta kai ga wani gindi ba. Masu bincike Harder da Barrett sun auna wannan a 1995 a kan wani tsiron ruwa mai suna Eichhornia paniculata. Tsirrai da dama masu dogon gungu a tsaye sun samu mafita: kowane fure yakan fara da aikin namiji kafin na mace, kuma na ƙasa ke riga buɗewa. Ƙudan zuma daga ƙasa yake hawa, saboda haka yakan sauke baƙuwar ƙura a tsofaffin furannin ƙasa da suka koma aikin mace, ya kwashi ta gida a sama sa'ad da zai tashi.

Rabuwar jinsi gaba ɗaya ba ta da yawa. Renner da Ricklefs a 1995 sun ƙiyasta ta da kusan kashi 6 cikin 100 na tsirrai masu fure. Dangin tsirrai da ake kira Schiedea na tsibiran Hawai sun fi kowa fito da lamarin fili, domin nau'o'insu sama da 30 daga kaka ɗaya suke. Binciken Weller da Sakai ya nuna cewa masu rabon jinsi galibi suna wuraren busassu masu iska, gungunsu a cure, ƙurarsu da yawa, iska ce ke yi musu barbara. Na dazuzzuka masu laima kuwa gungunsu a warwatse yake, furen na da jinsi biyu.

Inda mai nazari ke zamewa shi ne ƙirga nau'o'i kai tsaye. Nau'i goma masu curarren gungu da rabon jinsi na iya zama gadon sauyi guda, ba hujja goma ba. Tun da Felsenstein ya yi wannan gargaɗi a 1985, sai an fara zana bishiyar dangantaka, yanzu daga DNA, wato sinadarin gado, a ƙirga sau nawa kowace siffa ta ɓullo da kanta, sannan a duba wadda ta riga wata.