Cututtukan Firiyon a Dabba da Mutum

Firiyon wani furotin ne da ke cikin jikin kowa. Idan siffarsa ta lanƙwashe ta ɓaci, sai ya riƙa ɓata ƴan uwansa har ƙwaƙwalwa ta yi huji-huji kamar soso. Stanley Prusiner na Amurka ne ya raɗa masa suna a 1982, ya kuma samu kyautar Nobel a 1997. Cutar kan yi shekaru a kwance. In ta tashi ba ta da magani ko rigakafi, ƙarshenta mutuwa.

A tumaki an san ta tun ƙarni na 18: tunkiya ta yi ta goga jiki a icce har gashi ya zube. A mutum nau'in da ya fi yawa ana kiransa cutar Creutzfeldt-Jakob, kuma takan kama mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan a shekara, galibi dattawa, ba tare da sun ci wani abu ba. Mantuwa ce farko, sai tangaɗi da zaburar gaɓoɓi.

Wadda ta girgiza duniya ita ce haukan shanu, da aka gano a Ingila a 1986. An riƙa niƙa nama da ƙashin dabbobi ana zuba wa shanu a abinci, abin da makiyayin Abalak zai ji ya riƙe baki. Shanu sama da 180,000 suka kamu a Birtaniya. A 1996 hukuma ta amsa cewa cutar ta tsallaka zuwa mutane. A tsawon shekaru cutar ta kashe mutum 178 a ƙasar, yawancinsu matasa.

Abin da ya fi kusa da Nijar shi ne raƙumi. A 2018 masu bincike suka bayyana wani sabon nau'i a raƙuman mahautar Wargala ta Aljeriya, daga baya aka gan shi a Tunisiya. Raƙumin yakan rame, ya yi karkarwa, ya riƙa tuntuɓe da cizon haƙora. Babu hujjar cewa yana kama mutum. Sai dai raƙumi bai san iyakar ƙasa ba, kuma hanyoyin kiwo da fatauci sun haɗa kudancin Aljeriya da Agadas da Azawak har kasuwannin Tawa.

Wutar girki ba ta kashe firiyon. Romon kai da ya kwana yana tafasa, balangu, kilishin da ya sha rana da garwashi, duk ba su yi masa komai. Ko kayan tiyata sai an turara su a zafin digiri 134 na minti 18. Firiyon ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa da laka da idanu, wato sassan da masu son kai da ƙafa ke rububi. Saboda haka kariyar tana wurin likitan dabbobi, kafin yanka. A nan ne al'adarmu ta gaggauta sa wa dabba wuƙa don kada ta zama mushe ke da haɗari: yankan ya halatta naman, amma likita bai ga tafiyar dabbar ba, balle a ɗauki ƙwaƙwalwarta a kai awo Yamai.