Magen da ba ta son mutane: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Tunda aka san ina kiwon maguna, kuma yawancinsu tsintattu ne daga bakin kwata da bayan kasuwa, tambayoyi iri ɗaya ake ta turo mini. Ga su nan na tattara wuri guda. Duk wanda ya sake turo ɗaya daga ciki, nan zan nuna masa.

Na kawo mage gida, ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Me zan yi?

Ba abin da za ki yi. Ajiye mata ruwa da abinci kusa da inda ta ɓuya, ki sa kwanon yashi, wanda za ta riƙa bahaya a ciki, can nesa da abincin, ki ja ƙofa ki tafi harkarki.

In zungure ta da tsintsiya ta fito?

A'a.

To har yaushe za ta zauna a can?

Wata kwana biyu, wata mako uku, wata sai ta haura wata guda. Amarya ma da aka kai ta gidan da ta yarda da shi, sai an sayi baki take magana, balle dabbar da aka cusa cikin kwali ba da shawararta ba. Abin da za ki duba da safe uku ne: abincin ya ragu? An sha ruwan? An tona yashin? In amsar e ce, lafiyarta lau, da daddare take fitowa. In kuwa ta cika kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, maganar haƙuri ta ƙare, sai likitan dabbobi. Mage ba ta jure dogon rashin ci kamar kare, hantarta ce take cika da kitse ta lalace, musamman in mai ƙiba ce.

Ki ba ta kwali ki kifa shi a gefe, da tsumma a ciki. An gwada wannan a wani gidan ajiye maguna a ƙasar Holan, sakamakon ya fito a 2014: waɗanda aka ba wurin ɓuya sun fi saurin kwantar da hankali fiye da waɗanda ba a ba ba. Ɓuyan shi ne maganin, ba shi ne cutar ba.

Kamar ba ta jin daɗi. In ba ta rabin Panadol?

Kada ka kuskura. Farasitamol kashe mage yake yi, ko da ɗan ɓari ne, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Na sa wannan tambaya tun da wuri ne saboda kada wani ya gaji da karatu kafin ya iso ta. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka, da yawansu akwai sinadarin famitirin (permethrin) a ciki, shi ma guba ne ga mage. Kuma don Allah a daina fesa fiya-fiya a ɗakin da dabba take ɓoye a ƙasa, inda duk warin yake sauka.

Ina matsawa kusa sai ta yi huci, ta kwantar da kunne. Muguwa ce?

Tsoro ne. Mai niyyar faɗa ba ya maƙalewa a lungu. Hucin nan cewa take yi ka tsaya daga nan. Ka tsaya ɗin.

Magen maƙwabtanmu har cinya take hawa, tawa ko kallona ba ta yi. Me na yi mata?

Mai yiwuwa ba ki yi komai ba, 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki. Halin mage da mutane tun tana jaririya ake gina shi, tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakanin, ta tashi da sanin hannun mutum ba abin gudu ba ne. Wadda ta yi makonnin nan a kango ko cikin silin, ba ta san mu ba sai da jifa. Akwai kuma gado: 'ya'yan muzuru mai sakin jiki sun fi saurin sabo, ko da ba su taɓa ganin uban nasu ba. Duk wannan ya faru kafin ki san da ita. Ki daina auna ta da ta maƙwabta.

Na tsinci babbar mage a titi na kulle ta a ɗaki, yau mako biyu ba ta saba ba. In ci gaba da riƙe ta ko in sake ta?

Wannan ita ce tambayar da ba ni da amsa guda a kanta, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda bai ga maguna da yawa ba.

Kafin komai, duba cikinta ko daga nesa ne. In nonuwanta sun kumbura, gashin gefensu ya kwanta, shayarwa take yi, kuma akwai jarirai a wani wuri. Irin wannan ranar da aka kama ta ya kamata a mayar da ita, ba bayan mako biyu ba. Sannan ka tambayi makusantan inda ka same ta. A unguwanninmu mage tana iya zama ta gida uku a lokaci ɗaya, ba kowace mai yawo ce marar gata ba.

In ba wannan ba ne, to magunan titi iri biyu ne. Akwai wadda ta taɓa zaman gida, ta ɓata ko masu ita suka tashi suka bar ta. Akwai kuma haifaffiyar waje, wadda uwarta ma ba ta san hannun mutum ba. Ta farkon yawanci takan yi maka kuka, takan kalle ka, wani lokaci ta ɗaga jela sama in ta hango ka, kuma sau da yawa ita ce ta fi datti da rama domin ba ta iya neman na kanta ba. Ta biyun shiru take, ba ta yi wa mutum kuka, tana tafiya ciki a ƙasa, jikinta kuma fes. Na ce yawanci. A kwanakin farko tsoro yana mai da su duk iri ɗaya, kuma na ga waɗanda suka ƙaryata wannan rabon ta kowane ɓangare. Don haka mako biyu ya yi kaɗan a yanke hukunci.

Shekaru ma suna da magana. 'Yar da ba ta kai wata biyu ba, kwanaki kaɗan ta saba. Mai wata uku ko huɗu, sai an yi makonni ana lallashi. Babba haifaffiyar waje kuwa, wata takan sauko bayan watanni, wata har ta mutu ba za ta yarda a taɓa ta ba.

Abin da ni zan yi: in ba ta kamar wata ɗaya da rabi zuwa biyu a ɗaki guda mai iska, in riƙa lura ko akwai motsi, komai ƙanƙantarsa. Ta fara ci alhali ina cikin ɗakin? Ta yi lasar jikinta a gabana? Na tarar da ita kwance ta miƙe ƙafafu maimakon a dunƙule? Da safe na ga an yi wasa da murfin kwalba? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a ci gaba. Amma in lokacin ya cika tana nan tana dukan taga da kai, tana ramewa, tana kwanciya cikin yashin bahayarta don tsoro, to riƙon nan ba taimako ba ne, kai kake jin daɗinsa. Kowa ya san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Kai kana ciyarwa, na sani, ba daidai kuke ba. Duk da haka wanda ya kulle mai rai ya ɗauki nauyi.

Sai dai sakin ma ba buɗe ƙofa ba ne kawai. Waje akwai mota, akwai karnuka, akwai yara masu gwafa, akwai maƙwabcin da ke da tantabaru ko 'yan tsaki kuma ya riga ya yi rantsuwa, akwai shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a sito. In gurguwa ce, ko mai ido ɗaya, ko tsohuwa da haƙora suka zube, ni na fi karkata ga a riƙe ta ko da ba za ta taɓa sabawa ba. In lafiyayya ce, a fara kai ta a yi mata rigakafin haukan kare da aikin hana haihuwa, ta warke, sannan a mayar da ita daidai inda aka ɗauko ta, inda ta san maɓoya da wurin ruwa. A ƙasashen da ake wannan aiki da yawa, ana yanke ɗan tsinin kunne ɗaya lokacin tiyata don a gane an riga an yi mata. Abin da ban yafe ba shi ne sa ta a buhu a kai bayan gari a zazzage. Wannan yasarwa ce, kada a kira ta saki.

Akwai tsaka-tsaki, kuma a gidajenmu masu tsakar gida shi ya fi yin aiki: ta zama magen gida amma ba ta ɗaki ba. Tunda ta riga ta yi makonni a wurinka ta san nan ake ci, sai a bar mata kafa a sito ko zaure, abinci a wuri ɗaya kuma lokaci ɗaya kullum. Wata za ta zauna ta riƙa kallonku daga kan katanga shekara da shekaru. Wata za ta tafi a daren farko. Ba zan iya faɗa maka wacce ce taka ba.

In da bazara ne kuma ɗakin rufin kwano ne marar silin, kada ka jira wata biyun nan, nemo wani wuri.

Idonta yana ƙyalli cikin duhu, kuma baƙa ce wuluk. Mutanen gida sun ce a fitar da ita.

Akwai wani shimfiɗi a bayan idon mage da ke mayar da haske, shi ke taimaka mata gani da dare. Idon akuya ma yana yi, ba wanda ya kore ta. Baƙin kuma launin gashi ne. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi.

Yaya zan sa ta yarda da ni?

Ba sa ta ake yi ba, bari ake ta zo. Zauna a ƙasa, ka ba ta gefe, kada ka tsaya a kanta kamar shaho. Yi abin gabanka: duba waya, yi karatu da murya ƙasa-ƙasa, minti goma sha biyar ya isa. Kada ka zuba mata ido. In idanunku sun haɗu, lumshe naka a hankali ka kau da kai. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna a 2020 cewa maguna suna mayar da wannan lumshewar, kuma sun fi kusantar baƙon da ya yi musu ita.

Ka zo da abin kwaɗayi wanda ba ta samu sai kana nan, kamar ɗan dafaffen naman kaza ba gishiri ba yaji. Jefa kusa da ita, gobe ka rage nisan. Igiya da gashin kaza a ɗaure a tsinin sanda tana fito da wadda ko abinci bai fito da ita ba. Ranar da ta matso, miƙa yatsa ɗaya ta shinshina, ka tsaya nan. Yawancinku a nan kuke ɓata aikin wata guda: ta shinshina, ku cafke. In lokacin shafa ya yi, kumatu da ƙarƙashin haɓa, a bar ciki da jela.

Yarana suna son wasa da ita.

Yaran za a yi wa tarbiyya, Hajiya, ba magen ba. Ba bi, ba ɗauka, ba ihu, ba leƙa maɓoya. Wanda ya iya zama shiru shi za a ba naman ya jefa.

Madara da tuwo sun ishe ta?

Ba su isa ba. Madarar shanu zawo take sa yawancin manyan maguna. Mage maciyar nama ce, akwai wani sinadari mai suna taurine da sai a nama da kifi take samu, rashinsa yana taɓa ido da zuciya. Miyar da aka sa wa albasa da tafarnuwa kuma tana lalata mata jini.

Ta yi fitsari a kan katifa. Ramuwa ce?

Mage ba ta ramuwa. Ko dai kwanon yashin ya yi ƙazanta, ko yana inda take tsoron zuwa, kusa da janareta ko hanyar wucewar mutane, ko kuma mafitsara ce ke ciwo. Duka ba ya gyara ko ɗaya. In muzuru ne kuma ka ga yana ta tsugunawa yana yunƙuri ba abin da ke fita, ranar za ka kai shi asibitin dabbobi, ba gobe ba. Toshewa ce, kuma tana kisa cikin kwana biyu ko uku.

Ta cije ni da na kama ta.

Wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ka tafi asibiti yau, ka faɗa musu magen titi ce da ba a san rigakafinta ba. Haukan kare ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba, kuma in alamunsa suka bayyana ba a warkewa. Ko ba shi, haƙorin mage siriri ne, yana kai ƙwayar cuta can ciki ramin ya rufe. Sannan me ya kai ka kama ta? In dole ne a ɗauke ta, tawul mai kauri ake lulluɓa mata.

In samo mata 'yar uwa ko za ta sake?

Wani lokaci yana taimako, matsoraciya takan kwaikwayi mai sakin jiki. Wani lokaci kuma ka ƙara mata abin tsoro na biyu. Bari ta zauna da gindinta tukuna. In za ka kawo, ɗaki daban, kwano daban, su fara jin warin juna ta ƙarƙashin ƙofa. In mace da namiji ne a yi musu aikin hana haihuwa da wuri: mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai.

Shekara guda ke nan, tana ci, tana wasa, tana kwana a bakin ƙofata, amma har yau ba ta yarda in ɗauke ta.

To mene ne matsalar? Ki bar ta a ƙasa.