Wai me fasinjoji ke cewa kan wasannin da ake yi cikin manyan jiragen ruwan nan? Tambayoyi da amsoshi

Bidiyon nan na ƙaton bato da ke ta yawo a WhatsApp, wanda ake ganin mutum ya diro daga can sama ya faɗa ruwa a cikin jirgi, ya jawo tambayoyi sosai nan Damagaram, wasu ma cewa suke haɗi ne na kwamfuta. Ba haɗi ba ne. Ga tambayoyin da suka fi yawa da amsoshinsu.

Wai Malam wane irin jirgi ne wannan, kuma ina za shi da jama'a haka?

Ba jirgin fatauci ba ne ba kuma na kai mutum wani gari ya sauka ba, na yawon shaƙatawa ne, ya tashi daga tasha ya zaga tsibirai kwana bakwai ya dawo inda ya taso. Wanda ya fi suna yanzu shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, an ƙera shi a Turku ƙasar Finlan, ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024 daga Mayami ta Amurka. Tsawonsa wajen mita 365, hawa 20, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata 2,350. To mutum kusan dubu goma a tsakiyar teku, wata rana jirgin ba ya tsayawa ko'ina sai ruwa gabas da yamma, in ba a ba su abin yi ba ai sai rigima, shi ya sa kamfanonin nan ke zuba kuɗi a harkar wasa ba na wasa ba.

To me ake kallo a ciki?

Akwai babban zaure na waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, akwai ƴan barkwanci, masu rufa ido, makaɗa a kowane lungu, sinima, gasar kacici-kacici, da wurin da fasinja da kansa zai karɓi makirfo ya rera ko muryar ba daɗi. Sai kuma abubuwan da kamfanoni ke gasa da su: Voyager of the Seas ne ya fara zuwa da filin ƙanƙara, inda ƴan wasa ke zamiya da rawa a kai, cikin jirgi a 1999, Oasis of the Seas ya zo da dandalin wasan ruwa a 2009, Norwegian Joy ya sa filin tseren ƙananan motoci a 2017, shi kuwa Mardi Gras na kamfanin Carnival a 2021 lilon jirgin ƙasa mai gudu aka ɗora masa a rufi.

A cikinsu wanne fasinjoji suka fi yabawa?

Wasan ruwa da na ƙanƙara, nan kam ba a cika gardama ba. Hatta mutumin da ya kushe abinci ya kushe ɗaki ya kushe cunkoso, in ya zo kan wasan ruwa sai ka ji ya sauko. Dalili kuwa abu ne da ba ka samu a ko wane gari, kuma a kusa kake ganinsa. Kwamin ruwan zurfinsa ya haura mita 5, ƙasansa inji ke ɗagawa da saukewa, yanzu ka ga ƴan rawa na taka dandamali busasshe, kafin ka kifta ido dandamalin ya nutse wani ya diro daga tsayin wajen mita 17 ya faɗa daidai wurin, alhali jirgin na tafiya. A ƙarƙashin ruwan akwai masu nutso da tulun iska suna jiran ƴan wasa, ɗan kallo ba ya ganinsu. Waɗanda suka zauna layin gaba kuwa jiƙewa suke yi sharkaf, wasu su ji daɗi wasu su tashi suna mita da kayan fitarsu.

Na ƙanƙara shi ma haka, filin ƙarami ne ƙwarai in aka kwatanta da na gasa a ƙasa, to ganin mutum ya yi juyi a iska ya dira dab da kai, shi ke sa tafi.

In abin ya kai haka kyau, to ƙorafin na mene ne?

Yauwa, nan ne maganar take. In ka bi ƙorafin mutane da kyau za ka ga galibi ba wasan suke kushewa ba, samun wurin zama ne. Yi lissafi da kanka: jirgi irin Oasis fasinja sama da dubu biyar, babban zaurensa kujera wajen 1,400, na wasan ruwa da na ƙanƙara ko dubu ba su kai ba. Dole ake maimaita wasa ɗaya sau da yawa cikin sati, kuma dole ka kama wuri tun da wuri ta aplikasiyon kamfani a salula, wanda bai san da haka ba sai ya shiga jirgi ya tarar lokuta masu kyau duk an kwashe saura na ƙarfe goma da rabi na dare ko wanda ya ci karo da lokacin cin abincinsa. Ko ka kama wurin ma, in ba ka iso da minti goma ko sha biyar kafin a fara ba sai a saki kujerarka a ba ƴan layin jira. Ga kuma masu tare kujeru, mutum ɗaya ya shimfiɗa riga da jaka da hula ya tare layi guda wai iyalinsa na tafe, kamar dai yadda ake yi a filin kokowa ranar da za a ba da takobi, doka ta hana amma ana yi, kuma har cacar baki ake a kai.

Na biyu sokewa. In teku ta ɗan motsa ruwan kwamin sai ya riƙa tangaɗi, zurfin da mai dirowa ya dogara da shi ya canza, nan take a dakatar. Ni a ganina wannan ba abin fushi ba ne, ran mutum ake magana, amma wanda ya tara kuɗin shekara don ya ga wasan nan kuma aka soke a daren ƙarshe babu ranar ramuwa, ba ka hana shi ɓacin rai. Shi ya sa waɗanda suka saba ke cewa a kama na daren farko ko na biyu. A Icon an mayar da dandalin cikin rumfar gilashi a saman gaban jirgi, iska da ruwan sama sun daina damu, amma motsin teku yana nan.

Sai ƙara. Dattawa da yawa kukansu ke nan, bakin pisin kiɗa, wurin cin abinci kiɗa, ba inda za ka zauna ka yi hira a natse.

Kyauta ne ko sai an sake biya?

Manyan wasannin suna cikin kuɗin tikiti, ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Inda mutane ke jin an yi musu wayo shi ne takardar shirin yini, za ka ga an jera abubuwa rututu amma wasu talla ce aka yi wa kwalliya: gwanjon zane-zane, lacca kan lu'ulu'u da agogo wadda ƙarshenta a nuna maka kanti, bayani kan lafiyar ƙafa a ƙare da sayar maka da shimfiɗar takalmi, ga bingo, wata cacar lambobi, da katinsa ke da tsada. Koneksiyo ma saye ake. Kuma akwai tukuicin ma'aikata da yawancin kamfanonin Amurka ke ɗorawa kowace rana kan kowane mutum, tsakanin dalar Amurka 16 zuwa 20, wato wajen jaka goma na sefa, iyali mai mutum biyar su yi sati ka ga abin ya tashi.

Me ya sa wani zai ce bai taɓa ganin irinsa ba, wani kuma ya ce shirme ne, alhali jirgi ɗaya suka shiga?

Kafin ka ɗauki ra'ayin mutum tambayi sau nawa ya shiga. Wasan da aka kashe wa miliyoyi ba a canza shi duk wata, yana shekaru a jirgi ɗaya, ƴan wasan ne ke canzawa in kwantiraginsu na watanni ya ƙare. Sabon shiga baki buɗe yake kallo, wanda ya zo karo na huɗu ya haddace har inda za a kashe fitila. Sai shekaru: matasa na cewa waƙoƙin na zamanin iyayensu ne, iyayen na cewa an cika hayaniya. Masu son natsuwa su kan nufi irin jirgin Queen Mary 2 mai ratsa teku daga Sawtamton ta Ingila zuwa Niyok kwana bakwai, can lacca ce da laburare.

Yare ma babban abu ne, kuma ya shafe mu. Jiragen Amurka komai da Ingilishi, ɗan barkwanci na zuba zaure na dariya kai da Faransancinka kana zaune kamar an dasa ka. Su jiragen kamfanonin MSC da Costa da ke tashi daga Marsey da Jenowa da Barsalona fasinjansu gauraye ne, sanarwa ɗaya a yi ta da yare biyar ko shida, don haka wasanninsu sun fi karkata ga rawa da alkafura da waƙa, abin da ba ya buƙatar fassara. Ba'amurke zai ce wasan ba labari a ciki, ɗan Nijar kuwa nan ne zai fi ganewa.

Wani abu kuma, bayan an sauka kamfani na turo takardar ba da maki, ma'aikata kan roƙi a ba su maki cikakke don yana shafar aikinsu, mutane da yawa don tausayi suke bayarwa. To makin nan a riƙa ɗan rage masa gishiri.

Hajiya ta ce a tambaya, musulmi da iyalinsa za su iya zama a irin wurin nan?

Gaskiya ɗaya ce, a yawancinsu akwai giya ko'ina, akwai gidan caca da ake buɗewa da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa, shigar ƴan rawa da ta bakin pisin ba irin tamu ba ce, barkwancin tsakar dare kuma na manya ne zalla, a rubuce ake sawa. Mutum na iya kauce wa da yawa amma ba zai ce bai gani ba. Yara dai suna da sashensu da masu kula da su, kuma iyaye na yaba wannan sosai. Wanda wannan ya dama, Saudiyya ta fito da nata jirgin mai suna Aroya a Disambar 2024, ya fara da tashi daga Jidda yana zaga Bahar Maliya, ba giya ba caca, abinci halal, akwai wurin salla. Sai dai alƙibla ce za ka riƙa dubawa kowace salla tunda jirgi juyawa yake.

Daga nan Zinder ta ina ake bi?

Ba daga Kwatano ko Legas ake shiga ba, manyan nan ba nan suke lodi ba. Sai ka je Yamai ko Kano ka hau jirgin sama zuwa tashar da zai taso, ga biza: na Bahar Rum ta Shengen, na Mayami ta Amurka, kuma kowace ƙasa da jirgin zai tsaya a duba ko tana neman tata, don in takarda ɗaya ta gaza tun a bakin tasha za a mayar da kai kuma kuɗin tikiti ba lalle su dawo ba. Sau da yawa kuɗin jirgin sama da biza sun fi na baton kansa.